Yaya Dije Ba Ta Taɓa Faɗuwa a Bakin Waƙa Ba

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata, Hajiya Dije, Allah Ya jiƙanta. Ni ban yi boko ba, da baki nake faɗa ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana. Abin da ya tayar da ni shi ne abin da ya faru a gidanmu nan Azare watan jiya, ranar lallen jikarta Ummi. Amma sai na fara gaya muku wace ce Yaya, in ba haka ba ba za ku gane ba.

A zamaninmu akwai wasan da mata ke yi ranar lalle, muna ce masa bakin waƙa. Dangin amarya gefe guda, dangin ango gefe guda, ƙwarya a kife cikin ruwa a tsakiya ana kaɗawa. Sai wata ta jefo baki, ta ce "Ma", ko ta ce "Ku". To duk waƙar da za a kawo sai ta fara da wannan bakin. Mu kawo, su kawo, har wani gefe ya ƙafe. Sai dai akwai ƙa'ida: waƙar da kika ɗauko, dole a sami wadda za ta amsa miki daga cikin abokan karawa. In kin rera an yi shiru, ba a lissafa ta ba, kin faɗi, ko da waƙar ta fi zuma.

Nan Yaya ta fi kowa. Ba yawan waƙa kaɗai gare ta ba, ta san wa ya san me. In dangin ango daga Itas suka zo, ta san waƙoƙin dakansu. In 'yan Yana ne, ta san na shuka da suke yi. Akwai ranar da aka kai mu Katagum, muka tarar rabin dangin ango Fulani ne, sai ta juya harshe ta ɗauko ta Fulatanci, tsofaffinsu suka amsa suna riƙe baki. Ko matan Barno da suka zauna cikinmu ba su tsira ba. Kafin a zauna za ka gan ta tana zaga baƙi da kofin ruwa, tana tambayar wannan ina aka haife ta, waccan wa ya riƙe ta. Mutane na cewa kirki ne. Kirkin ne, amma awo take yi. Tun tana budurwa har ta bar duniya, ba a taɓa yi mata shiru ba. Ni ce ƙanwarta, ni nake zama a bayanta, ina da bakin faɗa.

Akwai kuma waƙoƙin da ba ta taɓa fitarwa ba, na innarmu, waɗanda ta taho da su daga Sakwa. Ta san ba mai amsawa a cikin gari, don haka sai a ɗaki muke yin su, ita ta rera ni in amsa. Da ta rasu sai suka zauna a bakina ni kaɗai.

To ranar lallen Ummi, bayan la'asar, sai ga yara sun shigo da lasifika da talabijin da makirufo. Wai karawoke. Kiɗa na tashi, rubutu na gudu a gilashi, mutum ya bi yana rerawa. Ina zaune na ji wata cikin 'yan matan gidan ango ta ce, "Ta!" Sai kowa ya duƙa kan waya yana neman waƙar da sunanta ya fara da haka. Na ce ikon Allah, ashe wasanmu ne ya sa sabuwar riga.

Na yi ta tunanin me Yaya za ta ce. Ba za ta yi faɗa ba, na san ta. Za ta so lasifikar, don tana son a ji ta har bakin titi. Abin da zai ba ta haushi shi ne kowa gilashi yake kallo, ba mai kallon fuskar abokin karawa.

Gefenmu ya fara ƙafewa. Ummi ta leƙo daga cikin mayafi ta ce, "Hajiya Kaka, za ki bari a kayar da gidan Hajiya Dije kina zaune?"

Na ce, "Ke da bakinki kamar na tsuntsu, ba ni abin maganar nan."

Na sa aka kashe kiɗan. Waƙoƙin gari na da suna nan a kaina, amma da na buɗe baki sai ta innarmu ta fito:

"Tafkin Sakwa ya kawo, 'yan mata ku ɗaure zane."

Na tsaya ina jiran amshi. Shiru. Na sake. Wata ta ce, "Hajiya, wallahi babu ita a waya." Suka tafa mini, suka ce an ba ni, ai tsohuwa ce.

Na ce, "Ba a ba ni ba. Na faɗi. A gidan nan ba a yi mana alfarma a waƙa."

Ummi ta yi narai-narai da ido, ta ga ta jawo mini kunya a gaban surukanta. Ni kuwa abin da ke cina daban ne. In na mayar da makirufon nan na koma kujera, waƙar nan ta bi ni kabari, ita da sauran 'yan'uwanta.

Na ce da 'yan matan gidan ango, "Kun san hukuncin wadda ta faɗi?" Ba su sani ba. Na ce, "Wadda aka yi wa shiru, sai ta koya wa waɗanda suka kayar da ita waƙar, kuma ba a ɗaura wa amarya lalle sai sun amsa daidai. Ku ajiye wayoyin nan."

Yarinyar da ta jefo bakin ta ce, "Hajiya, mu muka ci, kuma mu za mu sha wahala?"

Na ce, "Haka muka tarar. Ce: mun ɗaure, mun ɗaure, ruwa bai kai gwiwa ba."

Suka faɗa kamar masu karatun dole. Na ce ban ji ba. Suka sake, suna dariya. Aka kifa mini roba a cikin baho tunda ba ƙwarya, na kama kaɗawa. Can sai muryoyin suka haɗu, iyayensu mata suka taso daga wajen tukwane suka shiga, har mai lallen ta ajiye kwanonta tana tafi.

Shekara da shekaru ina alfahari cewa Yaya ba ta taɓa faɗuwa ba, kuma har gobe ina yi. Amma wadda ba ta faɗi ba, ba a taɓa tilasta mata ta koyar ba. Ita ta riƙe mana sunan gida, ta kuma adana waƙoƙin har suka iso hannuna ba ko ɗaya da ta ɓace. Abin da ya rage aikina ne, kuma na ga hanyarsa. Akwai bikin wata jikar bayan salla, na riga na zaɓi waƙar da zan faɗi da ita.

Allah Ya kai haske kabarinki, Yaya.