Buzun Inna da Rairayin Rakiya

Ina durƙushe ina baje rairayin da mai amalanke ya juye mani a gindin iccen bedi, sai ga Inna ta fito da tsohon buzunta.

Don ɗiyata Rakiya na sa aka kawo shi, ta samu wurin wasa. Sa'o'inta duk sun fara tafiya, ita ko da an aje ta ƙasa sai ta naɗe ƙafafu ta fasa kuka. Ni da uwarta har mun fara tsoron ko ƙafafun ne ba lafiya.

Inna ta kifa buzun bisa rairayin, ta ja shi, ta ɗaga. Gashin nan duk ƙarangiya ce, ƙanana waɗanda ido bai gani.

"Ina aka ɗebo wannan?"

"Bakin gona, Inna. Ai da laushi."

"Laushi a hannunka mai kanta! Irinsa ka zuba mana tsakar gida bara. Kai da takalmi kake yawo, ita fa da me?"

Washegari na hau can bisa tudu inda ciyawa ba ta fita, na ɗebo wani, na tankaɗe da rariya. Inna ta sake jan buzu, ya fito fes.

Muka aje Rakiya. Ta naɗe ƙafafu, ta dube mu, ta sauke ɗaya a hankali, sannan ɗayar. Sai ta kama zanen Inna ta miƙe tsaye. Uwarta ta juya baya tana share ido.

Alhamdulillahi, ashe ƙafafun lafiya lau, ƙaya take gudu.

Ku masu ƙanana, kun taɓa tuɓe takalmi kun taka inda kuke aje su?