Bille a Kuncin Dama

Matata ba ta bar mini hoto ba. Gidansu gidan malamai ne, mahaifinsu ya rene su a kan ba a ɗaukar hoto, ita kuwa ta riƙe wannan har ta koma ga Allah. In yara suka ɗaga waya a falo, sai ta ja mayafi ta rufe fuska tana dariya. Abin da na samu a durowarta kawai shi ne na fasfon aikin Hajji, ɗan mitsitsi, hasken kyamara ya wanke fuskar tas, ga shi ta ɗaure ta tamau kamar an kai ta kotu.

Shekara guda da rasuwarta na lura fuskarta ta fara zille mini. Muryarta na nan, tafiyarta na nan, amma in na rufe ido don in gan ta, sai dishi-dishi. Abin ya tsorata ni ƙwarai. Gidanmu na Nassarawa GRA ɗaki shida ne, yara duk sun watse, daga ni sai tsuntsayen kan mangwaro. Maƙwabta kowa na bayan katangarsa, sai a masallaci mu yi musabaha mu rabu. Ba wanda zan zauna da shi mu yi hirarta.

Da ma aikin safiyo, awon filaye da zana taswira, na yi har na yi ritaya, hannuna ya saba da zane. 'Yata ta bar mini kwamfuta da wata manhaja da ake rubuta mata abin da ake so ta zana, mutum ya bi da alƙalamin allo ya gyara. Da farko soraye da tsofaffin ƙofofin gari nake yi, don dai rana ta wuce. Wata safiya na buɗe sabon shafi na rubuta: Bahaushiya, shekara hamsin da ɗoriya, wankan tarwaɗa, mai wushirya. Sai ta miƙo mini wata 'yar kwalisa mai sheƙin fata da ban san daga wace ƙasa ta kwaso ta ba. Na yi tsaki na kama gyara.

Wata huɗu na yi a kan fuskar nan, kullum daga karin kumallo zuwa azahar. Na rage hanci, na buɗa goshi, na turo ɗankwali gaba yadda take ɗaurawa. Babban faɗana da manhajar a kan bille ne, tsagar nan guda ɗaya da wanzami ke yi wa jariri daga gefen hanci zuwa kunci. Ita tabo take ɗaukarsa. Da zarar na zana shi na ce ta daidaita haske, sai ta share shi fes, wai ta yi mini gwaninta. Na sha yi mata faɗa da baki, ni kaɗai a falo, dattijo da furfurarsa. Daga baya na koyi ajiye billen a shafi dabam a saman hoton, inda ba za ta iya taɓawa ba.

Da na gama, na saka kwamfutar a jaka na tafi Tudun Wada wurin yayar matata, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Bayan mun gaisa na buɗe mata.

“Alhaji, ka san fa ba ta son wannan abin,” in ji ta.

“Na sani, Yaya. Duba mini kawai nake so ki yi.”

Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo. “Goshin nata ne. Bakin ma ka yi ƙoƙari.” Sai ta kai yatsa kusa da allon. “Amma billen a hagu yake. Mu huɗu wanzami ɗaya ya yi mana, duk a hagu. Dubi nawa.”

Na duba. Ni a kuncin dama na sa. Shekara talatin da huɗu ina zaune da matar nan, ni da na ƙare rayuwata ina bambance gabas da yamma a takarda. Kunya ta rufe ni, na ce wataƙila allon ne ya juya hoton. Ba ta ce mini ƙarya nake ba, ta dai turo mini kofin zoɓo.

Ina komawa gida na ja billen zuwa hagu, ko minti biyu bai ci ba. A kaina ne ya ƙi gyaruwa. Wata huɗun nan na kallon allo sun yi aikinsu. Yanzu in na rufe ido fuska na zuwa tar, ba dishi-dishi, da billenta a dama. Wadda na zana ce. Ɗan abin da ya rage mini na matata, ban san ranar da ya tafi ba.