Ƙaryar da aka ɗora wa kayena

Ko zan manta komai na shekarun karatuna, ranar da aka ce ni na ƙirƙiro matan da na yi bincike a kansu tana nan daram a raina.

Lokacin ina shekarar ƙarshe ta mastar, ina rubuta memuwar, wato kundin da ɗalibi ke karewa gaban malamai kafin a ba shi takardarsa. Nawa a kan jar akuya ne da matan da ke kiwonta a ƙauyukan Korahane da Roumbou. Kusan wata biyar na yi ina yawo, wani lokaci a kan mashin, wani lokaci a amalanke, ina shiga gida gida ina tambayar bisashe nawa, nono nawa, wace cuta ke kashe 'ya'yan. Duk abin da aka faɗa mini ina rubutawa a kaye, wato littafin rubutuna, da alƙalamin bik. Da na gama rubutu na ajiye kundin a jami'a, na koma gidanmu a Dakoro ina jiran ranar karewa.

Ina wanke wa mahaifiyata kaya da hantsi malamin da ke kula da aikina ya kira ni a waya. Ya ce an tura takarda buro, wato ofishin shugaban sashe, ba suna ba sa hannu. An rubuta cewa ban je ƙauyukan ba, a ɗakina na zauna na tsara alƙaluman, kuma shaidar hakan tana cikin kayena, inda na soke lambobi na rubuta wasu. Nan take na san daga ina abin ya fito. Sau ɗaya tak kayen ya bar hannuna, ranar da muka yi zaman aji kowa na nuna inda ya kai, ya zagaya hannun 'yan ajinmu. Mu goma sha ɗaya ne, kuma babu wanda ban ci abinci kwano ɗaya da shi ba.

Malamin mutumin kirki ne, amma ba ya son hayaniya. Ya ba ni shawara in janye kundin a hankali, in sake wani ɗan aikin baɗi, maganar ta mutu ba wanda ya ji. Na tsaya da kumfa a hannuna na ce masa, da kalmar Faransanci da muke kiran malamai maza da ita, "Mushe, in na janye ai na amsa laifin ke nan. Ku zo Dakoro. Ku buɗe kayen a shafin da kuka ga dama, in kai ku gidan."

Ya ce ba a saba yin haka ba. Na ce ni ma ban saba a kira ni maƙaryaciya ba. Yanzu in na tuna ina mamakin inda na samo bakin, don a da ko tambaya a aji sai na yi ta shawara da zuciyata kafin in ɗaga hannu.

Mako biyu na yi ina jira. Mahaifina dillalin bisashe ne, bai yi lakwal ba, wato karatun boko, amma ya gane zancen sarai. Bai lallashe ni ba, abin da ya ce kawai shi ne kada in kuskura in yi kuka gaban baƙin.

Suka zo su biyu, malamina da wata malama daga kwamitin da zai duba kundin, mai ɗaure fuska. Ita ta karɓi kayen, ta yi ta juya shafuka har ta tsaya a wanda ya fi kowane ƙazanta. Gidan wata tsohuwa ne a wani ƙauye bayan Korahane. Na rubuta awaki huɗu, na soke na sa bakwai, na sake sokewa na sa goma sha uku. Ta ɗago ta dube ni, ta ce nan za mu. Wata takwas ke nan rabona da gidan, kuma tsohuwar ba lafiya gare ta ba lokacin da na baro ta.

Muka tarar da ita zaune gindin adua tana gyaran igiya. Tun daga nesa ta gane ni, ta fara faɗa wai na tafi ko saƙon gaisuwa babu. Malamar ta hana ni magana, ta tambaye ta da kanta me ya sa adadin awakinta ya canza har sau biyu. Tsohuwa ta yi dariya har da tari.

"Ranar farko na ɗauka 'yar haraji ce, sai na ce huɗu," in ji ta. "Da ta dawo ta ba wata akuyata maganin zawo, na ƙara mata uku. Sai da ɗiyar nan ta kwana biyu a ɗakina tana shan furata sannan na kai ta inda sauran suke. Ke da ganin baƙo za ki ƙirga masa dukiyarki?"

Malamar ba ta yi dariya ba, amma na ga ta rufe kayen a hankali. Muka shiga gida uku bayan wannan, duk ita ta zaɓa. A ɗaya maigidan ya yi ƙaura da bisashensa arewa, sai maƙwabta suka ba da shaida. A hanyar dawowa, da muka hango Dakoro, malamar ta ce in ƙara babi a kan dalilin da ke sa makiyaya ɓoye adadin dabbobinsu.

Ranar karewa 'yan ajinmu duka sun zo, sun jeru a layin baya. Kafin in fara na juya na dube su ɗaya bayan ɗaya, ban yi sauri ba. Na ce kowace lamba da ke cikin wannan kundi tana da gida da mai ita, wanda ke da shakka ya faɗa yanzu da bakinsa, ga ni ga shi. Ba wanda ya motsa. Bayan an gama duk suka zo yi mini barka, na karɓi hannun kowa. Har yau ban san wanene ba. Na yi zargin mutum biyu, daga baya na bari, don na lura zargin ya fara mayar da ni irin mai takardar.

Abin da na koya shi ne, wanda ya ɓoye sunansa yana dogara ne da kunyar wanda ya zarga, yana jiran ya sunkuyar da kai ya fice ta baya. Ni ban fice ba. Yanzu da nake da nawa ɗaliban ina faɗa musu su riƙa amsa kuskurensu in sun yi, amma laifin da ba su yi ba kada su ɗauke shi don a zauna lafiya, ko da mai ba su shawarar yana ƙaunarsu.