Malam Zoɓo Ya Koma Aji

Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar yayana Sani, malamin kimiyya, amma bana da farin ciki na ɗauki alƙalami.

Malam Zoɓo ɗalibansa suke ce masa. A gidanmu na Abakpa, Inna ba ta isa ta jiƙa zoɓo ta juya baya ba. Sai ya ɗebi kofi biyu, ya matsa lemon tsami a ɗaya ya yi ja jawur, ya jefa kanwa a ɗayan ya rikiɗe kore. Inna na faɗan ɓarna, shi yana yi mini karatu. Wai cikin ruwa akwai ƙwayoyi iri biyu, haidurojin da haidurokzaid, kamar sikelin mahauci: ɗaya ya hau, ɗaya ya sauka. Haidurojin ya yi yawa, ruwa ya yi tsami, lambar pH ta faɗo ƙasa da bakwai. Haidurokzaid ya rinjaya, ta haura. Bakwai kuwa kunnen doki ne. Kuma duk lamba ɗaya da aka sauko, haidurojin ya ninka sau goma. Ni dai jira nake ya gama in shanye mai lemon.

Tana goye ya bar 'yarsa Hauwa'u. Bana aka tura ta gwajin koyarwa wata makaranta a Unguwar Kanawa, inda babu ko kwalbar gwaji. Darasin da mai dubawa zai zo gani, pH ne. In ta faɗi, sai ta maimaita shekara. Ta zo mini idanu jawur.

"Gwaggo, da me zan nuna musu?"

Wallahi dariya ta kama ni! Na jawo ta madafa, na ce miƙo kanwa.

Da Yaya na nan, ban san me zai ce da yaran yau masu kallon gwaji a waya ba. Ina jin cewa zai yi gani ya kori ji, amma taɓawa ta fi duka.

Hauwa'u ta ci gwajinta. Ta ce da kofin ya koma kore, ajin ya kaure da ihu, har mai dubawa ya taso ya leƙa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Yaya bai bar gida ba, bai bar mota ba. Jiya dai na bi ta ƙofar makarantar, na ji wata ɗaliba na kwaɗa wa Hauwa'u kira: "Malama Zoɓo!" Ba wanda ya taɓa gaya wa ɗaliban laƙabin ubanta.

Allah ya jiƙanka, Yaya.