Furen Baɗi a Gwangwanin Tumatir

Ta kasa tsayuwa wuri ɗaya. Tana bakin titi a unguwar Television, mace mai kimanin shekara hamsin, ƙaramin gicciye na lilo a wuyanta, faratanta duk baƙar ƙasa. Ga katifa a naɗe da bokiti cike da tukwane a gefenta, amma ko kallonsu ba ta yi. Hankalinta na kan farantin da ta rungume: gwangwanayen tumatir ne da aka huda da ƙusa, kowanne da ɗan tsiro mai ganye biyu. Ta dubi hadari, ta dubi titi, ta juya wa iska baya, ta sake juyowa.

Wani mai Keke Napep ya tsaya. "Mama, barkono ne?"

"Fure ne," in ji ta. "Da hannuna na shuka irin. Bana ba zai yi komai ba, sai baɗi. Daga nan kuma kowace shekara."

"To kawo in sa a baya."

"Ɗauki katifar. Wannan a cinyata zai zauna."

Ina jin mai gidan haya ne ya tashe ta, kuma ba yau aka fara ba. Da tana da tabbacin tsakar gida, ai da a ƙasa ta shuka.

An ɗaure katifa a sama, yayyafi ya fara jiƙa ta. Ita kuwa ta tuɓe ɗankwalinta ta lulluɓe farantin. Ban sani ba ko za ta kai baɗi a sabon ɗakin. Ita dai ta riga ta shuka.