Yajin da na zuba a farar miya

Ana idar da sallar asuba muka fito daga unguwarmu ta Sentul, ni da maiɗakina, kowa da takunkumi a fuska. A tashar jirgin ƙasa aka auna zafin jikinmu. Taragon fayau, sai ma'aikata masu gyangyaɗi. Shagunan 'yan Sin duk a rufe saboda sabuwar shekararsu, na mamak, wato Indiyawa Musulmi, kaɗai ke soya gurasar roti.

Unguwar Pantai Dalam muka nufa, gidan malamar maiɗakina, wata dattijuwa 'yar Koriya. Su ma ranar ce sallarsu, ranar da iyali ke haɗuwa su sha miyar sabuwar shekara. Korona ta hana ta zuwa gida, 'ya'yanta ma ba su samu zuwa ba. Don mu ta sayi sabuwar tukunya da ƙashin saniya na halal. Tun jiya take dafa shi, har romon ya yi fari kamar madara.

Ta ba ni aikin yanka curin shinkafa, dogo kamar rake, fale-fale. Maiɗakina tana suyar ƙwai. Da malamar ta fita baranda amsa wayar ɗanta, sai na ɗanɗana romon, na ji salam. Ban tambayi kowa ba. Na zaro ƙullin yajin da ba na rabuwa da shi, na zazzaga a tukunya, wai taimako nake. Nan take farin ya koma ja.

Maiɗakina ta riƙe baki. “Malam, farin nan shi ne miyar. Da shi suke shiga shekara da tsabta.”

Dattijuwar ta dawo, ta daɗe tana kallon tukunyar. Har na shirya cewa wuta ce ta yi yawa. Allah dai ya taimake ni, na faɗi gaskiya kaina a ƙasa. Ta ɗebo da cokali ta kurɓa, ta yi tari har da ƙwalla, sannan ta ce, “Bara fara na yi, ni kaɗai na sha. Kawo kwanuka.”

Mun sha, ta ƙara, har ta yi mana tapau, wato ta ƙunsa mana ragowar mu tafi da ita gida.

Da la'asar muka dawo gida. Na gano karambanina ya daɗe yana ɓata wa mutane abu, ni kuwa ina kiransa taimako. Na gode wa Allah da ya nuna mini haka a gidan wadda ta yafe tun kafin in gama roƙo.