Digiri Biyu da Nacin Kawu

Shekarar da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya fara zuwa gidanmu kusan kullum. Mutumin da tun ina firamare bai taɓa tambayar ajin da nake ba, sai ga shi ya zama masanin jami'a. Aikinsa fitar da kayan 'yan kasuwa daga duwan, wato kwastan, kuma na san halinsa: ba ya taka ƙafa inda babu riba.

Ni dai burina in haɗa digiri biyu, kuma hanyoyi biyu ne a gabana. Akwai tsarin haɗin gwiwa tsakanin wata jami'a a Yamai da wata a Parakou, cikin Benin. Su suke tsara komai: rajista ɗaya, jarrabawa ba ta karo da juna, kowace shekara rabi Yamai rabi Parakou, a ƙarshe digiri biyu a kasuwanci da sufuri. Amma fannin su suka zaɓa maka. Ɗaya hanyar ita ce in yi gaban kaina, in shiga fanni biyu a Yamai, noma da shari'a, waɗanda su nake so tun ina bin mahaifina fadamar shinkafa. Wannan kuwa wahala ce tsagwaronta. Ba ruwan wani malami da wani, kuma hutun wannan fanni shi ne lokacin jarrabawar wancan, ba zancen zuwa gida.

Kawu ya tsaya kai da fata a kan na haɗin gwiwa. Yau ya ce ya fi daraja, gobe ya ce ya fi sauƙi, jibi ya kawo labarin ɗan wani da ya haukace don ya ɗauki karatu biyu shi kaɗai. Da na tambaye shi sunan yaron sai ya shiga kame-kame. Nan na ce a raina, ai na gano bakin zaren. Motocin da yake fitar wa da kaya Parakou suke lodi, yana neman ɗan gida mai ilimin sufuri da zai tsaya masa kyauta. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ko ruwa ya miƙo mini sai na duba fuskarsa.

Na je na yi rajista a noma da shari'a ban gaya masa ba. Da ya ji, bai yi faɗa ba, abin da ya ƙara mini zargi.

Ranar tafiya Yamai shi ya raka ni tasha. Inna ba ta fito ba, tana can bayan ɗaki tana sheƙar gero. Ban yi mamaki ba, ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini doguwar magana. Ana ɗaura kayana a kan mota na kasa haƙuri, na ce masa ya yi haƙuri, sai dai ya nemi wani yaron motar.

Ya dube ni.

"Mi zan yi da kai wajen lodi? Ko buhu ba ka iya ɗauka," ya ce. "Uwarka ta aiko ni. Ita ba ta san mi ake karantawa ba, can ko nan. An dai hwaɗa mata hanyar Parakou ta ƙohwar gida take bi, duk tahiya da komowa sai ta gan ka."

Direba ya danna oda. Na shiga na zauna, mota ta tashi.